Me ya sa ganin likitan unguwa a Ingila ya zama kamar neman biza?

Wata 'yar'uwa da ta biyo maigidanta karatu Ingila ce ta aiko da tambayar. Watanta tara a ƙasar, tana da hawan jini tun daga gida, kwanan nan kuma ciwon kai da jiri sun matsa mata. Duk ranar da ta buga waya asibitin unguwarsu da ƙarfe takwas na safe, sai ta tarar ita ce ta ashirin da wani abu a layi, kafin a zo kanta an ce gurbin ranar ya ƙare. In ta dace an ɗauka, matar risefshan sai ta ce sai ta faɗi abin da ke damunta. Zuwanta biyar, mutum huɗu daban-daban ta gani, biyu daga ciki ma ba likitoci ba ne. An ɗebi jininta makonni uku da suka wuce, har yau shiru. Ta ce: "Wulaƙanci ne don ni baƙuwa ce, ko haka ake yi wa kowa? In canja asibiti?"

Malama, sannu da jiki, Allah Ya ba da lafiya. Ni likitan unguwa ne a arewacin Ingila, irin wanda a nan ake kira GP, kuma a gida na yi karatun likita na fara aiki, saboda haka na san abin da idonki ya saba gani da abin da ya tarar.

Kafin komai, maganar da ba ta jira. Idan ma'aunin jininki ya kai 180 bisa 120 ko ya wuce, kuma ga ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yi miki wuya, wannan ba maganar layin ƙarfe takwas ba ce, a ranar za a duba ki. Ki kira 111, layin wayar neman taimakon lafiya, dare ko rana. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, ko ciwon ƙirjin ya ƙi lafawa, ko wahalar numfashin ta yi tsanani, ki kira 999, lambar motar asibiti ta gaggawa, kai tsaye, kada a tsaya neman wanda zai kai ki a mota. In kina da ciki ko ba ki daɗe da haihuwa ba, ciwon kai tare da hawan jini maganar sashen masu haihuwa ne na babban asibiti, nan take.

To, wulaƙanci ne? Abin da kika lissafa, ɗaya bayan ɗaya, shi ne kukan da nake ji daga bakin tsohuwar Baturiyar da aka haifa a bayan asibitinmu. Ba zan ce miki babu bambancin launi a harkar lafiya a ƙasar nan ba. Alƙaluman hukuma kansu sun nuna mace baƙar fata ta ninka farar fata fiye da sau biyu wajen haɗarin rasa rai a dalilin ciki da haihuwa. Amma layin waya, da tambayar risefshan, da sauyin fuska, waɗannan ruwan dare ne. Bambancin kawai shi ne ita tsohuwar ta san ƙofofin gidan, ke kuwa baƙo ko da ido makaho ne.

Asibitin unguwa a nan ba reshen babban asibitin gwamnati ba ne. Tun da aka kafa NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa, a watan Yulin 1948, yawancinsu mallakar likitocin da ke cikinsu ne, 'yan kwangila ne da gwamnati ke biya. Kuma yawancin kuɗin bisa yawan sunayen da ke rajista ake biya, ba bisa yawan zuwa ba. Abin da asibitin ke samu a kanki a shekara guda bai kai fam 200 ba, ko sau ɗaya kika zo ko sau talatin. Ki gwada da asibitin kuɗi na gida: can duk zuwanki kuɗin kati ne da kuɗin ganin likita, don haka ƙofa a buɗe take, likita na murnar ganinki, wanda ba shi da kuɗin kuwa ko ƙofar ba ya kaiwa. A nan an cire kuɗin, sai layi ya maye gurbinsa. In aka raba jama'ar Ingila da ke rajista ga cikakkun likitocin unguwa, kowane ɗaya zai tashi da mutum sama da 2,200. Na san za ki ce ai kun biya kuɗin lafiya lokacin biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi da iyalinsa, wasu 1,035. Gaskiya ne, kuma da ciwo. Sai dai kuɗin nan baitulmali yake shiga, ba ya saya wa kowa wuri a gaban layi.

Matar risefshan da ke tambayarki ba gulma take nema ba. Mu likitoci muka sa ta. A gabanta akwai gurabe kaɗan na yau, wasu na mako mai zuwa, ga nas, ga masanin magunguna, ga mai gashin ƙashi, ga ma'aikacin agajin gaggawa. Tun 2019 gwamnati ta zuba kuɗi musamman don ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, shi ya sa biyu daga cikin huɗun da kika gani ba likitoci ba ne. Da abin da kika faɗa mata ake tantance wa zai gan ki da kuma yaushe. Sirrinki kuma yana wuyanta kamar yadda yake wuyana, aikinta ne a kai. Kina da damar cewa maganar ta sirri ce, ba wanda zai tilasta miki. Amma wanda bai faɗi komai ba, ƙarshen layi yake faɗawa, domin ba a san inda za a sa shi ba. Jimla ɗaya ta wadatar: ina da hawan jini, kwana goma kaina na ciwo da jiri, ma'auni ya nuna kaza. Wannan jimlar ba a mayar da mai ita gobe.

Hasali ma tun 2023 kwangilar ta hana a ce wa mutum kawai "sake kira gobe". Ranar da kika tuntuɓe su dole a auna buƙatarki, ko a ba ki lokaci, ko a nuna miki inda za ki. Daga 1 ga Oktoba 2025 kuma an wajabta musu barin fom ɗin intanet a buɗe tsawon lokacin aiki, daga 8 na safe zuwa 6:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, don buƙatun da ba na gaggawa ba. Ba ko'ina ake cika wannan yadda ya kamata ba, amma haƙƙinki ne, kuma ina ba mutanenmu shawarar fom ɗin fiye da waya. A rubuce kina da lokacin zaɓar kalmominki, ba mai katse ki, ba wahalar lafazin Turancin Yorkshire ko na Liverpool a kunne, sannan abin da kika rubuta yana shiga fayil ɗinki, a wasu wuraren likita ne ma zai karanta shi.

Wasu abubuwan ma ba sai an bi ta wurinmu ba. Tun ƙarshen Janairun 2024, kemis na iya dubawa ya ba da magani, har da na kashe ƙwayoyin cuta in ya kama, a kan larura bakwai, ciki har da ciwon maƙogwaro, ciwon kunnen yara, cizon ƙwaro da ya ruɓe, da ciwon fitsarin mata 'yan shekara 16 zuwa 64. Shirin sunansa Pharmacy First. Ki lura dai, kemis ɗin nan ba irin na bakin titin gida ba ne da za ki ce a ba ki Augmentin na kwana biyar a miƙo.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, domin a nan na fi ganin mutanenmu suna asara ba su sani ba: abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar ɗakin likita.

Minti goma ne. Wasu wuraren sun kai shi sha biyar, amma ki ɗauka goma. A cikinsu zan karanta fayil, in saurare ki, in duba ki, in yi bayani, in rubuta. Mu kuwa tarbiyyarmu ba ta yarda a faɗa cikin magana ba sallama ba gaisuwa, sannan ba a fara da babbar magana. Sai a fara da ciwon gwiwa, a bi da ƙaiƙayin fata, sai an miƙe an kama ƙofa a ce "af, likita, dama akwai wani ɗan ƙulli da nake ji a nono." A gida likitan da ya san mu yana jiran wannan "af" ɗin, ya san ita ce ta kawo mutum. Baturen likita bai san da ita ba, ya riga ya danna kiran na gaba. Ki juya tsarin. Abin da ya fi ba ki tsoro shi za ki fara ajiyewa, tun kafin ki gama zama. In matsalolin uku ne, ki faɗe su duka a minti na farko ku zaɓa tare, ko tun wajen neman lokaci ki ce a ba ki gurbi biyu a haɗe.

Sai "da sauƙi". Kowane Bahaushe ya san in an ce yaya jiki, amsar ita ce da sauƙi, ko da mutum na kan gargara. Ladabi ne da tawakkali, ba rahoton lafiya ba ne. Matsalar ita ce kina fassara ta zuwa Turanci, likita kuma ya rubuta a kwamfuta cewa mara lafiya ta ce tana samun sauƙi. Mutum na gaba da zai gan ki wannan layin zai karanta. Na taɓa bin fayil ɗin wani dattijo ɗan ƙasarmu, zuwa uku a jere an rubuta yana samun sauƙi, alhali wandonsa har ya fara zamewa don rama. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ki yi hamdala a zuciyarki, ko a fili ma, sannan ki faɗi lamba: sau nawa a mako, tun yaushe, yana hana ki barci ko girki ko a'a, ya fi na watan jiya ko bai kai ba.

Sunayen cututtukanmu ma tarko ne. "Sanyi" a bakin mace ɗaya ƙaiƙayi ne da fitar ruwa, a bakin wata zafin fitsari, a bakin tsohuwa ciwon gaɓoɓi. In kika mayar da shi Turanci kalma da kalma, mura za a ji. "Basir" kuwa jaka ce da muke zuba komai a ciki, daga tsiro a dubura zuwa kumburin ciki zuwa raunin namiji, har da jini a bayan gida wanda a nan alama ce da muke ɗauka da matuƙar muhimmanci, don ta kan zama ciwon dajin hanji. "Olsa" duk wani zafi ne tsakanin ƙirji da cibiya, kuma na ga ciwon zuciya da ya zo da wannan sunan. "Zazzaɓi" sau da yawa kasala ce da ciwon jiki, ba zafin da ma'auni zai kama ba. Kada ki kawo wa likita sunan cuta. Ki kawo masa abin da jikinki ke yi, ki nuna wurin da yatsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a hau rufin.

Abu ɗaya ne na ce ki ambaci sunansa da ƙarfi: maleriya. Duk wanda ya dawo daga gida cikin shekara guda, musamman watanni ukun farko, ya yi zazzaɓi, ya faɗa tun a risefshan cewa daga Najeriya ko Nijar ko Gana yake. Likitan nan yana iya shekara bai ga maleriya ba, ba za ta faɗo masa a rai ba sai an tuna masa. A 2023 an samu sama da mutum 2,000 da suka shigo da ita Birtaniya, mafi yawansu masu zuwa ganin gida ne a Afirka ta Yamma. Garkuwar da muka taso da ita tana raguwa in an daɗe a waje, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da ita sam. Gwajin jini ne a ranar, ba a kwana.

Ki kuma shirya wa fita hannu wofi. Mun saba in ba a yi allura ko ƙarin ruwa ba, ko ba a cika leda da magani kala biyar ba, to likita bai yi aiki ba. A nan sau da yawa za a ce ki sha Paracetamol, ki dawo in bai lafa ba cikin mako guda. Yawanci daidai ne, domin mura da yawancin ciwon maƙogwaro ba sa jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma rabin maganar na biyu, "ki dawo in bai lafa ba", ba sallamar kora ba ce. Da gaske ake nufi, wani ɓangare ne na maganin. Mutanenmu kan ji haushi su ƙi dawowa, likita kuma ya ɗauka shirun warkewa ne.

Tafinta haƙƙinki ne, kyauta, kuma akwai na Hausa, galibi ta waya. Ki faɗa tun wajen neman lokaci don a tanada a kuma ƙara miki mintuna. Ko Turancinki na kasuwa da makarantar yara ya wadatar, na ciwo daban ne. Maigida na iya rakiya, amma zan faɗi gaskiya ko da maza za su ji haushina: akwai abin da mace ba za ta faɗa ta bakin mijinta ba, akwai kuma mijin da ke taƙaita jimla goma zuwa "kanta ke ciwo". Yaro kuwa kada a sa shi fassara ciwon uwarsa ko kaɗan. Kina iya neman likita mace, kina iya neman ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin yayin da ake duba ki. Ba wanda zai ga baikenki, kullum ana yi.

Maganar jinin da aka ɗiba. A asibitoci da yawa ƙa'idar ita ce in sakamako lafiya lau ne ba a kira. Ni ban son wannan ƙa'idar, don shiru iri biyu ne: na lafiya, da na takardar da ta maƙale ko lambar waya da aka rubuta ba daidai ba, kuma daga gida ba ki da hanyar bambance su. Ki sauke manhajar NHS a wayarki, yawancin sakamakon da asibitin unguwa ya nema yana fitowa a ciki tare da ɗan bayanin likita. In bai fito ba, ki kira da rana bayan cunkoson safe ya wuce. Makonni uku sun yi yawa ga gwajin jini na yau da kullum, wanda kan dawo cikin 'yan kwanaki. Nan gaba kada ki bar ɗakin sai kin ji wane gwaji ne, yaushe zai dawo, wa zai nemi wa. Gwajin da babban asibiti ya nema kuma wurinsu za ki bi, ba wurinmu ba. Wannan kaɗai na jawo faɗa a risefshan kusan kowane mako.

Saura fuska huɗu a zuwa biyar, wanda a ganina shi ne babban ciwon, ya fi layin waya.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan karon bincike ya goyi bayan karin maganar. A 2018 Sir Denis Pereira Gray, tsohon likitan unguwa a Exeter, da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe daban-daban; 18 daga ciki sun nuna masu ganin likita ɗaya a kai a kai sun fi ƙarancin mutuwa. Wani binciken a Norway da ya duba mutum kusan miliyan huɗu da rabi ya gano waɗanda suka haura shekara 15 da likita ɗaya haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin ɗari in an gwada da masu shekara ɗaya, haka ma kwanciyar gaggawa a asibiti ta ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya yi aikin. Wadda na sani, ina ganin ramarta tun daga bakin ƙofa. Na san wadda in ta ce "ɗan ciwo" to a tashi tsaye, na san wadda tsoro ne ya fi ciwon yawa. Ba na sake gwajin da na yi bara. Kwamfuta na riƙe lambobi, amma ba ta san cewa ke ba mai yawan kuka ba ce.

Abin da ya wargaza wannan a Ingila haɗuwar abubuwa ne. Likitoci da yawa ba sa zama ɗakin duba marasa lafiya kwana biyar a mako, saboda aikin takardu da gajiya. Akwai 'yan cike gurbi masu zuwa su tafi, akwai masu koyon aiki da ake sauyawa bayan 'yan watanni. Ƙananan asibitoci sun rufe ko sun haɗe sun zama manya. Sannan shekara da shekaru 'yan siyasa na auna mu da saurin ganin mutum, ba da wanda ya gan shi ba, mu ma muka bi inda ake auna mu. Ba zan wanke mu duka ba.

Ga dabarar da nake koya wa marasa lafiyata: ki raba buƙatunki gida biyu. Abin da ya taso yau, kamar zazzaɓin yaro ko zafin fitsari, duk wanda ke nan ya gani, sauri ya fi sanayya. Abin da zai daɗe tare da ke, hawan jini, suga, damuwa, ciwon da aka kasa gane kansa, wannan na mutum ɗaya ne, ko da za ki jira mako biyu ko uku. Kuskuren da kike yi, ba da laifinki ba, shi ne kina neman maganin doguwar cuta ta ƙofar gaggawa. Gurbin ƙarfe takwas na likitan da ke kan aikin ranar ne, kuma kullum wani ne.

Tun 2015 kowane mai rajista a Ingila yana da likita da aka rubuta sunansa a matsayin mai alhakinsa. Ki tambaya a risefshan wane ne naki. Gaskiya sau da yawa suna ne a takarda kawai, kuma bai hana ki zaɓar wani ba. Cikin likitoci biyun da kika gani, wanne ya saurare ki? Ki tambaya ko na dindindin ne, da ranakun da yake aiki. Daga nan duk fom ɗin da za ki cike ki rubuta sunansa, ki ƙara da cewa kin yarda ki jira. In kuna tare kuma ya ce ki dawo bayan wata guda, ki roƙe shi ya sa miki lokacin da hannunsa kafin ki fita. Yawancinmu muna iya yi, kuma muna so, don mu ma aikin ya fi mana daɗi da wanda muka sani.

In kin zo sau uku da kuka ɗaya ba a gano komai ba, ko abin na ƙaruwa, ki faɗa da bakinki cewa wannan ne zuwa na uku. A Satumban 2025 NHS ta fito da ƙa'idar da ake kira Jess's Rule, wadda ke umartar likita ya tsaya ya sake tunani daga tushe a irin wannan hali: ya gan ki ido da ido in da ta waya ake yi, ya nemi ra'ayin abokin aiki, ko ya tura ki gaba. An sa mata sunan Jessica Brady, wadda ciwon daji ya kashe a Disambar 2020 tana da shekara 27, bayan ta tuntuɓi asibitin unguwarsu kusan sau ashirin cikin 'yan watanni ba a gano ba. Ambaton wannan ƙa'idar ba rashin kunya ba ne.

Akwai wata fa'idar sanayya da ba a cika faɗa ba, ta shafe mu Musulmi musamman, ga masu dattijo a gida. Idan mutum ya rasu, likitan da ya taɓa duba shi yana raye ne ke rubuta takardar dalilin mutuwa, kuma tun Satumban 2024 sai wani likita mai zaman kansa ya bi bayanta kafin a saki. In akwai likitan da ya san mamacin da cutarsa, abin kan tafi da sauri a samu yin jana'iza. In kuwa ba wanda zai iya cewa ga abin da ya kashe shi, sai maganar ta koma hannun jami'in binciken mutuwa, a yi kwanaki ana jira, wani lokacin har da buɗe gawa. Na zauna da iyalai a cikin wannan jiran, ba na fatan shi ga kowa.

Ki canja asibiti? Kina iya yi duk lokacin da kika so, ba sai kin ba da dalili ba, ba a kuma buƙatar fasfo ko shaidar adireshi ko takardar zama kafin a yi wa mutum rajista. Suna iya ƙi in kina wajen yankinsu ko sun rufe rajista, amma sai sun ba ki dalili a rubuce. Kafin ki tashi, ki duba sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin marasa lafiya da ake yi kowace shekara, GP Patient Survey. Ana iya ganin na kowane asibiti, har da yawan waɗanda ke samun ganin likitan da suke so. Ya fi taurarin Google, inda galibi wanda ransa ya ɓaci ne ke rubutu. Ki tambayi matan unguwa a masallaci ko ƙofar makaranta. In kin samu wurin da kowane likita ke riƙe da nasa jerin marasa lafiya, ki kama shi. Amma shawarata ki ba wannan wata uku da sabuwar dabara tukuna, don canji na nufin komawa baƙuwa a karo na biyu. In kuma wani ya yi miki abin da ya wuce cunkoso ya zama cin fuska, ki rubuta wa manajan asibitin, da rana da lokaci da abin da aka faɗa. Ƙa'ida ta hana a cire ki daga rajista don kin yi ƙorafi kawai, kuma in amsar ba ta gamsar ba akwai mai sauraron koke na ƙasa a sama da su.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki samo ma'aunin hawan jini na dantse, ba na wuyan hannu ba. Kwana bakwai, safe da yamma, kina zaune kin huta minti biyar, awo biyu kowane zama, ki rubuta. A gida abin da muke so shi ne matsakaicin ya kasance ƙasa da 135 bisa 85. Amma kada ki jira kwana bakwan su cika kafin ki cike fom. Ki cike yau da awon da kike da shi, ki rubuta tun yaushe ciwon kan ya fara, ki ce kina jiran sakamakon jini na ranar kaza, ki sa sunan likitan da kika zaɓa.

Ranar zuwa kuma ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, da kwalayensa: maganin hawan jinin da kika taho da shi daga gida, wanda 'yar'uwa ta aiko, Ibuprofen ko Diclofenac da ake sha don ciwon kan (su kansu suna ɗaga jini), jiƙe-jiƙe da garin gargajiya, har da kayan mata. Ki faɗi yawan kanwa da dunƙulen miya da ke shiga tukunyarki. In akwai man ƙara hasken fata, shi ma a ledar, don wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke hawar da jini da suga, kuma likitan da bai taso cikinmu ba ba zai taɓa tunanin tambaya ba. In azumi ya kusa, ki tayar da maganar tun saura wata ɗaya ko biyu, a gyara lokutan shan maganin kafin a ga wata.